Ranar da Na Zama Baffa

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko da na yi niyyar mantawa, akwai wani mahauci a kasuwar Haɗejiya da ya ɗaukar wa kansa aikin tuna mini, kuma ga dukkan alamu yana da sauran kwana a gaba.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare. Ni irin yaron nan ne da in malami ya kira sunansa, sai ya waiwaya ya duba ko akwai wani mai irin sunan a ajin. Ba na ƙwallo, ba na musu, ba na bin yara wanka kogi. Abin da na iya biyu ne: karatu da jan layi da rula. (Har yau in na ga an ja layi da hannu, sai in ji kamar tsakuwa ta shiga takalmina.) Darasin da na fi so shi ne Faransanci, domin shi kaɗai ne darasin da kowa a ajin yake jin nauyin buɗe baki. A nan ne ni da sauran jama'a muke zama ɗaya.

Burina in tafi jami'a in karanta shi. Sai dai a gidanmu ba a zuwa ko'ina sai Baffa ya ce a je. Baffa yayan mahaifina ne, shi ne babban gida. Mu jinin masunta ne, shi kuma ya bar jefa koma ya koma dillancin kifi banda, yana sarowa daga Guri yana kasawa a rumfarsa ta kasuwa. Tun ina aji uku ya yanke cewa in na gama makaranta rumfar nan ce wurin zamana. Na taɓa aika masa maganar jami'a ta bakin Umma, amsar da ta dawo mini da ita ita ce, "In Faransanci yake so, ga direbobin Nijar nan suna zuwa sayen kifi, ya ji a bakinsu." Baba kuwa tela ne, mai sanyin hali. Duk maganar da ka kai masa, zai ciji zare ya ce, "Sai abin da Yaya ya ce."

Ana cikin haka malaminmu na Faransanci, Malam Bukar, wani dogon mutum ɗan asalin gefen tafkin Chadi, ya ce za a yi ranar Faransanci a makaranta, a gayyato iyaye. Kowane ɗalibi zai ba da tarihin wani sanannen mutumin Faransa. Wasu suka samu 'yan ƙwallo, wata ta samu masaniyar kimiyya. Ni kuma ya miƙo mini takarda da sunan wani ɗan barkwanci wanda daga baya ya zama ɗan fim, har ya kai ga ba da umarni.

Na ce, "Malam, ni fa ba na ba da dariya."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na haɗa ka da mai surutu, ko Allah zai sa ka kamu. Ka ji abin da zan faɗa maka: in ka tsaya gaban jama'a ka fito da wannan aiki yadda ya kamata, ni da ƙafata zan je wajen baffanka in yi masa maganar jami'a."

Daga ranar na daina jin ɗanɗanon abinci.

Na karanta duk abin da na samu a kan mutumin, na ari wayar yayata na kalli wasanninsa har sai da ta fara ɓoye caja. Na ja layi uku a littafina, na raba rayuwarsa gida uku. Da farko shi kaɗai yake hawa ƙaramin dandamali, ba kayan wasa ba abokin wasa, yana kwaikwayon mutanen yankinsu: yadda suke magana, yadda suke tafiya, yadda suke fushi. Da sunansa ya fito aka fara sa shi a fim. Daga nan ya gaji da a ce masa tsaya nan, zauna can, ya koma shi ke faɗa wa wasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farkon. Mutum ya hau dandamali ya kwaikwayi nasa, jama'a su yi dariya, su kuma nasan su ce ɗanmu ne, Allah ya ƙara basira.

A nan ne ilimi ya fara cutar da ni. Na ce a raina, ba da tarihi kawai ai kowa zai iya. Ni zan nuna wa iyaye yadda mutumin ya fara, su gani da idonsu. Zan kwaikwayi wani daga cikin nawa.

Ban sha wahalar zaɓe ba. Shekara uku ina zaman rumfar Baffa duk ƙarshen mako, ba na cewa uffan, ido kawai. Sai na ƙara mako uku, wannan karon da littafi a ƙarƙashin tebur. Na rubuta cewa kafin ya yi magana yana gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi na farkon tsawo. Na rubuta yadda yake tura hula baya da yatsa ɗaya in ciniki ya fara zafi. Na rubuta yadda yake ɗaga tarwaɗa, ya shinshina, ya kai ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa kamar mai jiran ta ba shi labarin mutanen Guri, sannan ya miƙa wa mai saye ya ce, "Ai ka ji! Wannan kifin da alwalarsa ya mutu." Har da hannun da yake kowane abu da shi na rubuta, dama ko hagu, na ja layi a ƙasa.

Na kuma gano wani sirri a wasannin Bafaranshen: duk lokacin da ya faɗi abin dariya, yakan yi shiru ya bar jama'a su dara. Na ƙirga shirun, na ga yakan kai ƙirga huɗu. Sai na bi takardata ina sa alama, nan huɗu, nan huɗu, nan shida domin ya fi sauran ban dariya. (Eh, na tsara wa mutanen Haɗejiya inda za su yi dariya da tsawon da za ta yi. Ban ga wata matsala a cikin wannan ba.)

Don kada a gane, na ce zan kira shi "wani dattijo a wani gari mai nisa". Kuma ranar Asabar ɗin da za a yi taron Baffa yana Guri wajen sari. Ta ko'ina na toshe, in ji ni.

Ranar ta zo. An kafa rumfuna a filin makaranta, iyaye maza a gefe, mata a gefe, ɗalibai a baya. Baba yana layi na biyu da farar rigar da ya ɗinka wa kansa. Na hau dandamali. Na ba da tarihin da Faransanci, na fassara da Hausa, gida uku cif kamar yadda na ja layi. Aka tafa daidai gwargwado. Da na tsaya a nan, da na sauka da mutuncina.

Sai na ce, "Yanzu zan nuna muku yadda ya fara." Na zaro hula daga aljihu na kafa, na zaro busasshiyar tarwaɗa daga jaka.

Na yi gyaran murya. Na sake, na biyun ya fi tsawo.

Wallahi tun daga nan na ji iskar wurin ta canza. Na tura hula baya da yatsa. Na ɗaga kifi na shinshina, na kai kunne na ƙwanƙwasa, na miƙa wa wani mai saye da ba ya nan, na ce da muryar da ban san ina da ita ba, "Ai ka ji! Wannan kifin da alwalarsa ya mutu."

Na yi shiru, na fara ƙirga. Ɗaya. Biyu.

Ba wanda ya yi dariya. Ɗalibai sun cusa baki cikin hijabi da hannun riga, kafaɗunsu na rawa, amma ba sauti. Iyaye kuwa kowa ya samu abin kallo: wannan yana duba agogo, wancan yana nazarin takalminsa. Babu mutum ɗaya a rumfar nan da bai taɓa sayen kifi a hannun Baffa ba. Kuma wane dattijo ne zai buɗe baki ya dara wa yaro yana kwaikwayon yayan ubansa, alhali ga uban zaune a layi na biyu? Na dubi Baba. Kansa yana ƙasa, kamar ya ga wani ɗinki a gaban rigarsa da bai yi daidai ba.

Uku. Huɗu.

Mai hankali zai ajiye kifin ya sauka. Ni kuwa takarda ta ce saura shafi ɗaya da rabi, kuma ban taɓa barin aiki a rabi ba. Na ci gaba. Ina isa wurin da na sa alamar shida, sai wata dariya ta fashe daga can gefe, irin wadda ke fitowa tun daga cibiya. Ɗanlami mahauci ne, ya zo saboda 'yarsa. Kun san tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa abin da ya ga dama yake gaya wa ɗan'uwansa, ba fushi. Duk filin nan shi kaɗai ne yake da lasisin dariyar. Ya yi amfani da shi kuwa har kujerar roba ta buɗe ƙafafu ta zubar da shi. Yana ƙasa yana dukan ƙasa yana cewa, "Gari mai nisa! Yaro, garin nan mai nisa ai da ƙafa nake zuwa kullum!"

Na ƙarasa shafin. Har na duƙa na yi gaisuwar ƙarshe, domin ita ma tana rubuce.

Malam Bukar ya tare ni a bakin ƙofar makaranta, ya ce, "Faransancinka ya yi kyau." Ya ƙara da cewa, "Maganar zuwa wajen baffanka kuwa, mu bari ƙura ta lafa. Ina da iyali."

Kafin ni da Baba mu isa gida labari ya riga mu. Iya, kakarmu, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ce, "Zo nan, mijin banza. Ga ni nan, kakarka, ba haƙori, ina tafiya kamar agwagwa, ko zagina ka yi a gaban gari ba mai ce maka don me. Ga 'ya'yan gwaggonka taubasanka, cike da unguwa. Duk ba ka ga abin wasa ba sai baffanka? Shi Baturen naka bai gaya maka wanda ake yi da shi da wanda ba a yi ba?"

Na ce, "Iya, su can ba su da wannan."

Ta ce, "To ai kai kana nan."

Na sa rai ko maganar za ta mutu kafin Baffa ya dawo. Ashe Ɗanlami ya ɗauke ta ya kai kasuwa. Ranar Lahadi da safe Baffa yana buɗe rumfa, sai ga Ɗanlami ya tsaya a gabansa da ƙafar saniya a hannu. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya kai ƙafar kunne, ya ƙwanƙwasa. Aka ce kafin azahar yaran mahauta duka sun iya, har da mai sayar da albasa wanda ba shi da hurumi a cikin wasan.

Kwana biyu Baffa bai neme ni ba. Kwana biyun nan na koyi hanyoyin fita daga gidanmu da ban san da su ba. Ranar Talata bayan la'asar aka ce yana kira.

Yana ƙofar gida a kan tabarma, da abokansa huɗu na majalisa. Baba yana can gefe a takure. Ɗanlami ma yana nan, ya harɗe ƙafa kamar wanda aka ba katin gayyata. A gaban Baffa akwai hula da tarwaɗa guda.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ina wuni."

Ya yi gyaran murya. (Allah ya gafarta mini, sai da na jira na biyun. Ya zo.)

Ya ce, "An ce ka zama ni. Ban samu zuwa ba, ina Guri. Tashi ka yi in gani."

"Baffa, don Allah ka yi haƙuri, kuskure ne."

"Ban ce ka ba ni haƙuri ba. Kowa a garin nan ya gan ni, ni kaɗai ne ban ga kaina ba. Ɗauki hular."

Na dubi Baba ina neman ceto. Ya buɗe baki, na san abin da zai fito, sai na ɗauki hular.

Ban san ko kun taɓa kwaikwayon mutum yana zaune taku biyu daga gare ku yana kallonku ba. Gyaran muryar ya fito kamar kukan ɗan akuya. Na tura hula, na ɗaga kifi, na shinshina, na ƙwanƙwasa, na miƙa wa Ɗanlami, na ce can cikin maƙoshi, "Ai ka ji."

Baffa ya ce, "Tsaya. Da wane hannu ka miƙa?"

Na dubi hannuna. Hagu.

"A makarantar ma haka ka yi?"

Ɗanlami ya ce, "Haka ya yi, ni shaida ne. Da hagu, ƙiri-ƙiri."

Baffa ya tafa hannu ya juya wajen abokansa. "Kun ji ko? Shekara talatin ina kasuwar nan, akwai wanda na taɓa miƙa wa abinci da hagu? Ya tara mini gari ya nuna musu ba ni da tarbiyya!"

A nan na gane abin da ya faru, kuma na rantse muku wannan ya fi komai yi mini ciwo. Duk zaman da na yi a rumfa, fuskantarsa nake yi. Hannunsa da ke gefen haguna shi na riƙa rubutawa "hagu". Mako uku ina jan layi a ƙarƙashin kuskure. Ni da ake aron littafina a kwafa.

Ya ce, "Sake. Da dama."

Na sake.

"Ba haka nake shinshinawa ba, ni ba kare ba ne. Sau ɗaya, a hankali. Sake."

Na sake. Mata sun fara leƙowa ta zaure. Masu wucewa a kan babur suna rage gudu.

"Murya fa? Haka zan yi magana in sayar da kifi? Buɗe baki! Kai Ɗanlami, ka taya, ka yi tayin wulaƙanci irin naku na mahauta."

Ɗanlami ya ce, "Wannan ƙashin? Ai ko kyanwa sai an roƙe ta."

Ban san daga ina ta zo ba. Wataƙila gajiya ce, wataƙila na ga babu sauran abin da zan rasa. Na tura hular nan baya da yatsan dama, na dubi Ɗanlami sama da ƙasa yadda Baffa ke duban mahauta, na ɗaga murya har ƙarshen layi na ce, "Kai da kake sayar wa mutane jijiya da sunan tsoka, kai ne za ka raina kifin da ya mutu da alwala? Matsa, kada ƙudanka su biyo ka nan!"

Majalisa ta tarwatse da dariya. Wani dattijo har da tari. Baba ya rufe fuska da hula, amma ina ganin cikinsa yana motsi. Baffa kaɗai bai dara ba. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya kama shi ya mayar.

Da wuri ya natsu ya ce, "Wannan ta ƙarshen a ina ka samo? Ban faɗe ta a gabanka ba."

Na ce, "Ba ka faɗa ba, Baffa. Na ga dai ita za ka faɗa."

Ya kai yatsa zai tura hula, ya ga idona a kan yatsan, ya sauke hannu. Ya juya wajen Baba.

"Kai, takardar nan ta jami'a da ake ta yi mini zagaye-zagaye a kanta, tana ina?"

Baba ya ce, "Tana wajensa, Yaya."

"A cike ta, ya tafi. Ba zan zauna rumfa ɗaya da mai ƙirga mini tari ba. Yaro ya zauna maka shiru kamar buhu, ashe yana kwashe ka yana zubawa a littafi. Ya je can ya kalli Turawa, su suka saba."

Ɗanlami ya ce, "A ba mu shi mana, mu muna so."

"Ku da wa? Jinin masunta ne, ko Faransa ya je da ƙarnin kifinsa zai dawo."

Haka na samu tafiya jami'a, ba don an yaba mini ba, don a rabu da idona. Yanzu ina shekara ta uku. In na zo hutu na bi ta layin mahauta, tun daga nesa nake jin gyaran murya bibbiyu suna tashi daga kowane tebur, kamar kwaɗi sun ji ruwan farko a fadama. Baffa kuwa, in na je gaishe shi a rumfa, yakan amsa da fara'a, ya tambayi karatu, sannan ya ce in juya kujerata ta kalli titi.

Abin da na koya ke nan: kafin ka ɗauko sana'ar wani daga ƙasarsu, ka fara tambaya ko shi ma a gidan baffansa yake cin tuwo.